Bula a Lagireto

Shekarun farko na aurenmu, mijina direban babbar mota ne. Yana ɗaukar tumatir da kabeji da dankalin turawa daga Jos zuwa kudu, ya juyo da manja da katako. In ya tafi, babu mai iya cewa ga ranar dawowarsa. Ni kuwa ina ɗan ɗakinmu a Anguwan Rogo, kunnena yana titi. Duk motar da ta yi nishi a kan hawa sai in ce tasa ce, in gyara ɗaurin kallabi, in tsaya bakin ƙofa. Sau da yawa abincin da na rufe masa ni nake ɗumamawa da safe in ci. Lokacin da na haifi 'yarmu ta fari yana can wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, gada ta karye, motoci sun yi layi. Sai bayan suna ya ga fuskarta.

Saboda haka ranar da ya shigo unguwa a kan tsohuwar tarakta, yara na binsa da ihu, ni ban ga tsatsarta ba. Wani kamfanin kuza ne da ke tattara nasa ya nasa ya yi gwanjonta. A da ja ce, amma rana da ruwa sun mai da ta launin tukunyar ƙasa. Kujerarta ƙarfe ce zalla, ya ɗaura mata buhu. Ya sauko yana dariya, ya ce da ni, "Amarya, ga abin da zai sa in riƙa kwana a gida." Har bayan na haihu bai daina ce mini amarya ba, ni kuma ban taɓa roƙonsa ya daina ba.

A shekarun nan, ƙarshen na saba'in, rediyo ba ta da zance sai na a koma gona. Manoman ƙauyukan bayan gari, can gaba da Tina Junction, suna neman mai yi musu huɗa kafin ruwa ya zauna. Daminar farko taraktar ta yi aiki ba ta ba shi kunya ba. Yakan ajiye ta a wani kango da ke manne da gidanmu, wanda ƙofarsa take fitowa ta tsakar gida. Da dare in na farka na ji numfashinsa kusa da ni, sai in yi wa wannan tsohon ƙarfe addu'a kamar mutum.

A shekara ta biyu, daidai lokacin da hadari ya fara taruwa bisa duwatsu, sai taraktar ta fara shan ruwa. Zai cika lagireto da safe, kafin rana ta take tsaka ruwan ya yi ƙasa, allurar zafi ta hau. Ya duba ƙarƙashinta, ƙasa a bushe. Ya shimfiɗa kwali ya kwana, da safe ba ɗigo ko ɗaya. Ruwa dai yana tafiya, ba a ga hanyar da yake bi ba.

Ana cikin haka tsohon ogansa na tasha ya aiko. Ya sayi sabuwar mota, kuma ba ya son kowa ya taɓa sitiyarinta sai mijina. Ya ce yana jiran amsa zuwa bayan sallar Juma'a, don lodi ba ya jira. Mijina ya faɗa mini da daddare muna cin tuwo, idonsa a kan kwano.

"In taraktar nan ba ta warke ba kafin Juma'a, zan karɓi makullin."

Na ce, "Maigida, ka ce ka bar titi."

"Na ce. Amma ba zan zauna ina kallon ki da yarinyar nan ba abin sawa a tukunya. Manoma ba za su jira ni ba, ruwa ma ba zai jira ni ba."

Na tsame hannuna daga kwanon. Na sha ruwa, na tashi.

Washegari ya dawo daga tasha da fara'a, ya ce in ba shi ƙwai. Na ɗauka waina yake so, har na jawo kasko. Sai na ga ya wuce da su kango. Abokansa direbobi ne suka ba shi magani: a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, in ruwa ya yi zafi ƙwan zai dahu ya toshe hujin. Wani ya ce garin taba ya fi. Wani tsoho da ya yi shekaru a hanyar kudu ya rantse cewa da garin kwaki ya taɓa kawo mota gida daga bakin teku. Mijina bai so ya ɓata wa kowa rai ba. Ya zuba duka ukun.

Ranar bai kai ko rabin gona ba. Lagireto ya tafasa, ya yi ta aman wani abu mai kumfa, mijina ya dawo gida a hankali yana tsayawa a kowane rafi. Warin da ya shigo da shi unguwa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ya mutu a kwata. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, tun daga wannan zafin injin ya sake murya. Ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas daga sama, ƙarfinsa ya ragu, kuma da safe sai an yi ta fama kafin ya tashi.

A bakin layinmu akwai wani Ibo mai shagon kayan mota, wanda ya yi aikin inji a kamfanin kuza tun yana saurayi. Shi da mijina kullum cikin tsokanar juna suke. Mijina na ce masa Masta, shi kuma yana ce wa mijina Oga direba. Matarsa ce ta koya mini miyar agushi. Da yamma ya zo kangon, ya buɗe murfin lagireto, ya sunsuna, ya ja da baya. Ina tsaye bakin ƙofa da mayafina, 'yata a goye.

"Oga direba, wannan mota ne ko tukunyan miya? Saura manja kawai. Madam, kawo cokali!"

Mijina ya ce, "Masta, bar wasa. Gaya mini gaskiya, kan injin ya fashe?"

Wannan shi ne abin da muke tsoro. In kan inji ya tsage, ko gasket, wato siririyar shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, ya ƙone, ruwa zai riƙa shiga ciki ya fita da hayaƙi, kuma gyaran ba na kwana biyu ba ne. Masta ya matso jikin injin. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya ɗaga wa hasken yamma. Ya ce in ruwa na shiga, man zai koma launin kunun gyaɗa. Wannan kuwa baƙi ne wuluk. Ya sa aka tayar da inji, ya tsura wa bakin lagireto ido ko zai ga kumfar iska na tasowa, amma ƙazantar da ke ciki ba ta bar shi ya ga komai ba. Ya zagaya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina.

"Ban ce ya fashe ba, ban ce bai fashe ba. Ka wanke wannan abinci da ka dafa tukuna. In ruwa yana fita ta waje, ka yi sa'a. Amma sai ka gan shi da idonka. Wancan ƙas-ƙas kuma bawul ne, zafi ya taɓa shi. Shi daga baya."

Suka cire tiyon ƙasa, suka yi ta ɗura ruwa ta sama yana fita ta ƙasa. Ni ce mai jan ruwa a rijiya, har tafin hannuna ya yi ja. Sai da ruwan ya fara fitowa garau suka mayar. Masta ya sake duba bakin lagireto, babu kumfa. Ya ce alama ce mai kyau, amma alama ba ta huɗa gona.

Da safe ina wanki a tsakar gida, raina duk a jagule. Na jiƙa bula a roba don in ɗauraye farar rigar mijina ta Juma'a. Da na ɗaga rigar, ruwan ya fantsama a jikin bangon da muka shafe da farar ƙasa. Rana ta busar da shi nan da nan, amma shuɗin layin ya tsaya, tun daga inda ya faɗa har inda ya gangara. Na tsaya ina kallonsa da rigar a hannu tana ɗiga a ƙafata.

Na same shi a kango ya zauna a kan taya, ya yi tagumi.

"Maigida, ruwan nan in ya fito ya faɗa kan ƙarfe mai zafi, ai bushewa zai yi kafin ya kai ƙasa, ko?"

"Haka ne."

"To in ruwan yana da launi fa?"

Ya ɗago ya dube ni. Yana da wani kallo da yake yi mini, gira ɗaya a sama, wanda tun muna zance a zauren gidanmu yake sa ni rasa inda zan sa idona.

"Amarya, jiya ƙwai, yau kuma me? Lalle?"

"Bula."

Ya yi dariya har da buga cinya. Amma bai ce a'a ba, ya aika aka kira Masta. Masta ya saurara yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Madam ya fi ka kai, Oga direba. Amma shuɗi ba zai fito a kan baƙin inji ba. Sai mun yi masa wanka, mun shafa masa fari kamar amarya." Suka wanke injin da kananzir da sabulu. Na dama farar ƙasa a kwano, mijina ya bi duk inda ruwa ke bi yana shafawa da tsumma: gindin lagireto, bakin kowane tiyo, jikin famfon ruwa, da layin da kan inji ya haɗu da gangar jikinsa. Da ta bushe, taraktar ta zama abin kallo. Na juye bulata duka a bokiti, ya tace da ƙyalle, ya ɗura.

Aka tayar, aka bar ta ta yi zafi. Muka tsaya mu uku muna kallon farin. Can sai Masta ya nuna da baki. A ƙarƙashin tiyon sama, inda zoben ƙarfe ya matse shi, wani siririn shuɗin zare ya fito yana gangarowa a kan farin. Zuciyata ta buga kamar an yi mini albishir da aikin hajji. Robar ta tsage ne a ƙarƙashin zoben, inda ido ba ya kaiwa. Mijina ya yanke bakin da ya lalace, ya tura sauran, ya ɗaure da sabon zobe daga shagon Masta. Layin kan inji kuwa fari tas, ko ɗigo babu. Daren nan na yi dambu da zogale, muka ci muna dariyar ƙwai.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Ya fita da ita gwaji, ya dawo, ya jira ta huce, ya buɗe murfi. Ruwa ya sake yin ƙasa. Ba kamar da ba, amma ya yi. Ya bi duk farin da ya shafa da ido, babu sabon shuɗi ko'ina. Ya mayar da murfin. Sannan ya shigo ɗaki ya sauko da jakarsa ta tafiya daga kan kwabet, ya kakkaɓe ta, ya ce in wanke masa bargonsa don ya bushe kafin gobe. Ranar Alhamis ce.

Na wanke. Ban yi kuka a gabansa ba, na bari sai da na sunkuya a kan roba. Na shanya bargon, na goge fuskata, na shiga ɗaki. A kan tebur akwai ɗan madubina na hannu da gwangwanin hodar da ta zo cikin lefena, wadda nake tattali ba na shafawa sai in zai dawo daga tafiya. Na dube su na ce a raina, ashe za ki koma aikinki. Sai kuma wani tunani ya zo mini: mun shafa fari ne a inda hannunsa ya kai kawai. Hannunsa kuwa hannun direba ne, kamar faranti.

Na kwashe su na fita kango.

"Maigida, ina ne ba ka shafa ba?"

Ya ce ba inda bai shafa ba, sai bayan kik, wato na'urar da ke tayar da inji, da ke manne a gefe. Tsakaninta da jikin injin ɗan lungu ne, ko yatsunsa biyu ba sa shiga. Na cire awarwarona na ba shi ya riƙe. Na zuba hoda a tafin hannu, na zura a lungun har gwiwar hannu, na shafe duk abin da na taɓo. Na ji wani abu zagaye, mai ɗan zurfi kamar murfin kwalba, bakinsa da kaushi. Ya tayar da inji, muka jira ya yi zafi, ya kashe. Na karkata madubin a bakin lungun, shi kuma ya haska tocila. Kanmu ya haɗu, kumatunsa na gogar kallabina, ƙamshin hodata ya gauraye da warin gas.

"Tsaya. Karkato kaɗan. Kaɗan kuma. Amarya, kar ki motsa!"

A cikin madubin na gani da idona: wani ɗan faifan ƙarfe a jikin injin, da shuɗin hawaye ɗaya a gefensa, ya gangaro ya bushe tun bai yi nisa ba.

Ya fita da gudu ba ko takalmi ya kira Masta. Suka cire kik ɗin. Masta ya ce irin waɗannan faifai suna nan a jikin kowane inji, suna toshe ramukan da aka bari tun wajen ƙera shi, ruwa na bayansu. Ya sa ƙusa ya taɓa, sai ƙusar ta shige kamar a ƙosai. Tsatsa ta cinye shi ta ciki.

"Wane ruwa kake ba shi a gona?"

"Na kududdufin kuza. Shi ne kusa."

"Shi ya sa. Wannan ruwa ko akuya na ba zan ba shi ba. Daga yau ruwan sama, ko na rijiyan Madam."

Ya tafi shago, ya daɗe har na fara tsorata. Ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara cike da tarkace, ya juye a kan buhu, yana tonawa yana gwadawa yana tsaki. Wannan ya yi girma, wancan ya yi ƙanƙanta. Can ƙasa ya samo na tagulla, ya ɗora a bakin ramin, ya zauna daidai. Suka goge ramin da yashi da tsumma har ya yi haske, ya shafa wani jan danƙo a gefen faifan, ya ɗora masa guntun bututu, mijina ya riƙa bugawa da guduma a hankali har ya shige. Kafin su mayar da kik an kira magariba.

Saura bawul. Masta ya ce ba a taɓa su sai inji ya yi sanyi ƙalau, don ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake, awon zai yi ƙarya. Ya ce a Jos Allah ya hutar da mu, asuba kaɗai ta isa. Ya zaro wani abu daga aljihu, naɗe a ƙyalle: siraran ganyayen ƙarfe a haɗe kamar wuƙar aljihu, kowane da kaurinsa. Ya ware guda ɗaya ya nuna wa mijina, ya ce wannan ne na taraktar. Gobe da sassafe zai je karɓo kaya a tasha, ba zai samu zuwa da wuri ba.

"Oga direba, wannan abu ya girmi aurenka. In ka lanƙwasa shi, ka sayar da tarakta ka gudu."

Da mijina ya dawo daga sallar asuba, sanyi na cizon yatsu, ya kwance murfin saman inji. Ban taɓa ganin cikin inji ba sai ranar. Wasu 'yan hannuwan ƙarfe ne a jere, suna sheƙi da mai, kowane ya ɗora kai a kan bawul ɗinsa, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa iska ta shiga ko hayaƙi ya fita. Ya sa babbar sifana a gaban inji yana juyawa a hankali, sai na ga suna sunkuyawa suna ɗagowa bi da bi, kamar mata a bakin turmi. Ya ce tsakanin kowane hannu da bawul ɗinsa dole a bar 'yar tazara. In ta yi yawa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da muke ji. In babu ita, bawul ba zai rufu ba, ƙarfin inji ya riƙa zurarewa. Ana auna kowanne ne lokacin da ya ɗago ya huta.

Ya zura ganyen ƙarfen a na farko, ya wuce fuu ba abin da ya taɓa shi. Ya sassauta noti, ya murɗa ɗan dunƙulen da ke tsakiya da sukundireba har tazarar ta yi daidai, ya ɗaure notin. Ya sake aunawa, ganyen ya ƙi shiga. Wajen ɗaure notin, na tsakiyan ya bi shi ya juya. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Haƙoran sun tsufa, sai an riƙe ɗaya da ƙarfi ana ɗaure ɗayan, ga kuma ganyen da ke son a riƙe shi a tsakani. Ya yi tsaki, ya dubi sama inda gari ke ƙara haske.

Na kwantar da 'yata a kan tabarma, na lulluɓe ta, na taka taya na hau.

"Ba ni sukundireban."

"Za ki ɓata lallenki."

"Wa zai gani in ka tafi?"

Ya miƙo mini. Na dafe da hannu biyu, na sa duk nauyina. Ya ɗaure notin, na ji yana son ya ja ni, na ƙi. Ya zura ganyen, ya tsaya, sannan ya kama hannuna ya ɗora a kai ya ce in ja in ji. Yana wucewa, amma da ɗan riƙo, kamar allura a cikin ƙyallen da aka ninka. Mahaifina tela ne, na san wannan riƙon tun ina yarinya. Daga nan muka bi su ɗaya bayan ɗaya: shi ya juya inji, ya murɗa, ni in dafe, shi ya ɗaure, in ja ganyen in ce ya yi ko bai yi ba. Sau ɗaya na ce bai yi ba, ya yi gardama, ya gwada da kansa, sai ya sassauta. Yawancinsu sun yi sako-sako. Guda ɗaya can baya kuwa ya matse gam, babu tazara sam. Mijina ya ce, "Kai ne ɓarawon." Hucin bakinmu na fita fari a cikin sanyi, yatsuna sun ƙage, mai ya bi zanen lallena ya mai da shi baƙi. Ban taɓa jin na yi kyau kamar safiyar nan ba.

Ya mayar da murfi, ya cika lagireto da ruwan rijiya har wuya. Ya hau kujera ya yi bisimilla. Bugu ɗaya ta tashi. Ƙas-ƙas ɗin ya tafi, sai wata murya mai kauri, daidai-wa-daida, da na ji ta har a ƙirjina. Masta ya shigo kangon da kwali a kafaɗa, ya tsaya ya karkata kunne.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Mijina ya nuna ni da haɓa.

"Madam, bar wannan mutum, zo shago na. Zan ba ka rabi."

"Masta, fita mini daga gida!"

Amma murya ba ita ce shaida ba, gona ce. Ya ɗaura garma ya fita. Na ji ƙararta tana nisa har ta ɓace wajen babban titi. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na sauke bargon daga igiya don hadari ya haɗo, na ninke, na rasa inda zan ajiye shi, a cikin jaka ko a kan gado. Na bar shi a kan kujera.

Ya dawo rana ta kusa tsaka, tayoyin sun yi kauri da jar laka. Ya ce ya huɗe gonar wani dattijo tun daga bakin hanya har gindin dutse, allurar zafi ba ta wuce inda ta saba ba. Amma ba a buɗe lagireto da zafi. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ɗaura agogo, ya fesa turare, ya zauna a bakin ƙofar kango yana jiran ƙarfe ya huce. Masu tafiya masallaci sun fara wucewa da dardumarsu a kafaɗa. Ya taɓa murfin, ya janye hannu. Ya jira. Ya sake taɓawa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya sa tsumma ya murɗa. Bai leƙa ba, ni ya kira.

"Amarya, zo ki gani. Idona ba zai iya ba."

Na taka taya na leƙa. Ruwa yana nan a wuya inda ya bar shi da asuba, har ina ganin fuskata a ciki. Na ce, "Yana nan, Maigida."

Ya rufe, ya warware hannun rigarsa, ya ɗauki darduma. Daga masallaci ya wuce tasha, ya yi wa ogansa godiya, ya kawo masa wani abokinsa mai hankali da ya san hanyar kudu. An ce ogan ya yi faɗa, daga baya ya sa albarka. Motar ta tashi da yamma da wani a sitiyari. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, mijina na kwance a tabarma, 'yarsa na hawa cikinsa tana ja masa gemu.

Ruwa ya sauka a daren, kuma damina ta zauna. Kullum kafin magariba sai ya shigo da jar laka har gwiwa, ya taka mini daɓen da na goge, ya bar sawu tun daga zaure har ƙofar ɗaki. Kullum sai na yi masa faɗa, in ce wane irin mutum ne wannan da ba zai wanke ƙafa a waje ba. Shi kuma ya ce gobe zai wanke. Har kaka ta yi bai wanke ba, ni ma ban taɓa ajiye masa buta a zauren ba.